Zumuncin Mazan Jiya: Na Masu Jirgi da Na Jalingo

A Amurka, tsofaffin matuƙan jiragen sama na rundunar sojan ruwa suna da wata hanya ta sada zumunci. Sukan tsayar da rana, su zaɓi wani ƙaramin filin jirgi, kowa ya taso daga garinsu a ɗan jirginsa, shi ke tuƙi da kansa. A jera jiragen a gefen fili, a ci abinci, a sha hira, kafin la'asar sakaliya kowa ya kama hanyar gida. Wasu ma jiragen da suka koyi tuƙi da su suna samari suke saye bayan soja ta yi gwanjonsu, irin su T-28 da T-34. Babban taron masu wannan sha'awa, soja da farar hula, shi ne na garin Oshkosh a jihar Wisconsin, inda jirage wajen dubu 10 ke sauka a mako guda na watan Yuli.

Mu a Jalingo, babbar ranar haɗuwar mazan jiya ita ce 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. 'Yan ƙungiyar Nigerian Legion su fito cikin kakinsu da lambobinsu, a yi fareti, gwamna da kwamandoji su ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, a yi addu'ar Musulmi da ta Kirista. Taraba kuwa ƙasar soja ce. Janar T. Y. Danjuma ɗan Takum ne, Gwamna Agbu Kefas laftanar kanar ne mai ritaya, ga hedikwatar Birged ta 6 a cikin gari.

Taron masu jirgi ya fi namu da abu guda, kuma babba ne: su suke shirya abinsu, sana'arsu ce kuma ke haɗa su. Dattijon da ya tuƙo jirgi ya sauka lafiya a gaban abokansa ya nuna musu har yanzu hannunsa bai mutu ba. Kafin ya taso sai da ya duba yanayi, ya auna mai, ya zagaya jirgin yana leƙa ko'ina, kamar yadda aka hore shi shekaru arba'in baya. Namu tsohon sojan gayyatarsa ake yi. Ya tsaya a rana, ya saurari jawabi, wani lokaci a miƙa masa buhun shinkafa, sai kuma baɗi. Idan suka keɓe da 'yan'uwansa, yawancin hirar ta fansho ce da wahalar tantancewa. Wannan yana ci mini rai, domin a cikinsu akwai makanikai, da masu aikin sadarwa, da ma'aikatan jinya, waɗanda iliminsu ke tafiya kabari ba wanda ya gada.

Sai dai zumuncin jirgi na masu hali ne. Kofur ɗin da ya yi shekara ashirin yana gyara injin jirgin ba lallai ya iya sayen ko da farfela ba. Taron Janairu bai ware kowa ba, har matan da mazajensu suka kwanta dama a Laberiya ko dajin Sambisa suna da kujera.

Dasa waccan al'ada a nan kuma da wuya. Sashen jiragen sama na sojan ruwan Najeriya ƙarami ne, na jirage masu saukar ungulu, cibiyarsa tana Ojo a Legas, mu kuwa ruwan da muka sani shi ne Binuwai a Lau da Ibi. Ga tabon da ƙaramin jirgi ya bar mana. Gwamna Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, shi ke riƙe da Cessna 208 ɗin da ya faɗi kusa da Yola a Oktoban 2012. Ya sha doguwar jinya a Jamus da Amurka, ya rasu a Yunin 2017, kuma filin jirgin Jalingo sunansa yake ɗauke da shi. Duk wanda ya kawo zancen dattawa su riƙa tuƙa jirgi don nishaɗi, wannan za a fara tuna masa.

Abin da za mu iya ɗauka daga gare su shi ne tafiyar kanta, tunda zumunta a ƙafa take. Tsofaffin sojojin Taraba suna iya yin adashe, su ɗauki shatar mota, wannan karon a haɗu a Wukari, na gaba a Bali ko Takum, wata rana a haura Gembu. Mai masauki ya yi tuwo, a ziyarci wanda ciwo ya kwantar, makanikin cikinsu ya zauna da yaran gareji na garin, ma'aikacin jinya ya auna wa tsofaffi hawan jini. Ba a buƙatar sa hannun gwamna kafin a fara, kuɗin mai da wanda zai riƙe asusu sun wadatar.