Wa Ya Kamata Ya Duba Gida Kafin a Biya Kuɗinsa?

Cinikin gidaje a Funtuwa, Malumfashi da Bakori ya fi kankama bayan kaka, sa'ad da kuɗin masara, waken soya da auduga suka shigo hannu. A lokacin ne kuma gida ya fi ɓoye aibinsa: kwano ba ya yoyo, bango ya bushe, kwatar da ke ambaliya a watan Agusta ta ƙafe. Saboda haka mai duba gida na ƙwarai shi ne wanda ke gane sawun damina a tsakiyar rani.

Dillali ba ya cikin wannan lissafi, domin sai ciniki ya faɗa yake samun la'ada. Haka ma maginin da mai gidan ya kawo. Injiniyan gini na gaskiya yana da rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ƙwararren magini kuma da CORBON, kuma ba rashin kunya ba ne mai saye ya nemi ganin lambar rajistar. A garuruwa irin su Maska, inda ba kullum ake samun irinsu ba, tsohon birkila ma ya wadatar, muddin gine-ginensa sun sha damina da yawa suna tsaye, kuma mai saye ne ya biya shi.

Ana gane gwani daga inda yake kai idonsa. Zai leƙa cikin silin da tocila, ya soki katako da ƙusa. In ya burma, gara ta riga kowa shiga gidan. Sabon fenti daga gindin bango zuwa gwiwa yawanci danshi yake rufewa. Siririyar tsaga a filasta ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ta nufi ƙasa kuwa, harsashi ne ya motsa, abin da ake yawan gani a ƙasar laka mai kumbura da damina, ta dare da rani. Zai ƙwanƙwasa bango, don akwai ginin ƙasa da ake shafe wa siminti a sayar a matsayin na bulo. Zai kuma auna tazarar masai da rijiya.

Takardu aikin lauya ne. Dokar filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati, gidan gado kuma sai da yardar dukkan magada.

Mai saye ya karɓi rahoton dubawar a rubuce, da hotuna, kafin ya ba da kafin alƙalami.