Yaro mai galahanga ma ɗan lakwal ne

Masu saurare sun sha tambayarmu: yaron da ba ya amsa kira, ba ya haɗa ido da mutane, yana toshe kunne in hayaniya ta yi yawa, ana sa shi lakwal? E, ana sa shi. Likitoci na ce ma abin otizim. Ba aljanu ba ne, kuma sauran yara ba sa ɗauka.

Mu dai bulala muke ji masa. Aji ya cika, mushen da bai sani ba sai ya ce taurin kai ne. To kafin komawa lakwal a watan Oktoba, ku kai shi ya ga ajin babu kowa, ku faɗa ma mushe abin da ke firgita shi. A ba shi wurin zama a gaba, kullum nan, kar a canza.