Daga Gindin Bishiya Zuwa 'Yan Lemo

Shirinmu na musamman na yau zai zaga lambuna da kasuwannin kayan marmari, don a ga hannuwan da lemo da mangwaro ke bi kafin su iso faranti.

Duk wanda ya bi titin Zariya da sassafe ya iso Na'ibawa, hancinsa ne zai fara gaya masa ya zo 'Yan Lemo. Ƙamshin abarba ya gauraya da tsamin lemon da ya ruɓe aka watsar a gefe. Manyan motocin da suka kwana a hanya sun jeru, 'yan dako suna ta sauke kaya da kwanduna, suna zubewa tsibi-tsibi. Nan ce babbar kasuwar kayan marmari ta Kano. A nan 'yan tebur da masu baro na unguwanni ke yin sari, daga nan kuma wasu kayan ke wucewa Katsina da Jigawa, har su tsallaka Nijar.

Mafi yawan abin da ke gaban mai kallo ba a Kano aka noma shi ba. Lemo daga Binuwai yake, ya yi tafiyar fiye da kilomita 600. Abarba da ayaba daga kudu suke, irin su Edo da Ondo da Kuros Riba. Tufa kuwa, wadda ke zuwa a kwali kowace da mazauninta, yawanci daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita.

Baƙon da ya kawo mota guda ta lemo ba shi ke sayar da kayansa ba. Yana da maigida a kasuwar, dillalin da zai sauke shi, ya nemo masu saye, a yi ciniki, ya cire la'adarsa. Sau da yawa ma bashi ake bayarwa, ɗan tebur ya ɗauki kaya da safe, ya kawo kuɗi bayan ya sayar. Ba takarda, ba sa hannu, sanayya ce kawai da amana. Sai dai wanda ke yanke farashi na gaskiya a wannan kasuwa ba dillali ba ne, rana ce. Motar da ta iso da asuba kuɗinta daban, wadda taya ta fashe mata ko ta ɓata lokaci a shingayen kan hanya ta iso da azahar kuɗinta daban. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, kwana guda ya isa ya mayar da riba asara, ga shi ɗakunan sanyi sun yi ƙaranci. Shi ya sa da yamma ake jin mai kaya yana sallama abin da ya ce wa albarka da hantsi.

Wannan tsere da rana shi ke sa a tsinki kaya tun ba su nuna ba. Kayan marmari kuwa ba halinsu ɗaya ba. Mangwaro da ayaba da gwanda suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, domin suna fitar da wata iska da masana ke kira etilin, wadda ke tausasa su ta mayar da sitacinsu sukari. Lemo da abarba da kankana ba haka suke ba. Ranar da aka raba su da uwarsu, zaƙinsu ya tsaya ke nan. Abarba za ta iya yin laushi a kan tebur, bawonta ya sauya launi, amma ba za ta ƙara zaƙi ba. Saboda haka wanda ya sayi ɗanyar abarba ya ajiye yana jira, ruɓewarta yake jira.

Masu ayaba sun daɗe da sanin dabarar rufe ta da buhu ko ganye a ɗaki mai ɗumi ta nuna a hankali. Masu gaggawa ne suka ɓata sana'ar da kabayid, wannan dutse mai ruwan toka da wari wanda masu walda ke jiƙawa don ya ba su iskar wuta. Idan aka ƙunsa shi aka cusa cikin kaya, bawo sai ya yi rawaya cikin ɗan lokaci, ciki kuwa yana nan da tsaminsa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kansa, saboda yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa irin su arsenik masu cutar da jiki. Ba kowane ɗan kasuwa ke yi ba, wannan gaskiya ce, amma ayabar da jikinta ya yi rawaya shar alhali wuyanta kore ne, ta cancanci a ƙara dubanta.

To, idan aka bi sawun motar lemon aka koma inda ta fito, sai a sauka ƙasar Tibi, wajajen Gboko da Ushongo da Konshisha. A can gonar lemo ba abin kallo ba ce, kusan kowane gida yana da tasa. Abu na farko da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne launi, don lemon kore ne a kan bishiya, amma in an yanka sai zaƙi. Bawon lemo yana bukatar sanyin dare kafin ya juye ruwan ɗorawa, a ƙasa mai ɗumi kuwa sai ya nuna da korensa. Masu ƙin koren lemo a kasuwa suna barin mai kyau ne su ɗauki mai kyan gani.

Abu na biyu shi ne yadda ake ciniki. Ɗan kasuwa yakan zo tun 'ya'yan suna ƙanana, ya zaga gona, ya ƙiyasta da ido, ya saye ta ɗungurum. Manomin da kuɗin makarantar yara ko na taki ya matsa masa sai ya karɓa. Idan shekara ta yi kyau, ribar ta mai saye ce. Idan kasuwa ta cika ta batse, kowa ya tsinka lokaci guda, sai a ga lemo zube a gindin bishiya ba mai ɗauka, don kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. A jihar da ake yi wa kirari da rumbun abincin ƙasa, masana'antun matse lemo ba su taka kara sun karya ba, alhali kantunan birane cike suke da lemon kwali. Ba dillali ne kaɗai abin zargi ba, shi ma kasada yake yi da jarinsa. Amma wanda ya shekara yana kula da bishiya shi ne mai ƙaramin kaso a cikin abin da mai sha ya biya, kuma wannan ba daidai ba ne.



Ba sai an je Binuwai ba kafin a ga lambu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya zama ƙasar noman rani. Mai bin hanyar Zariya da rani zai ga kankana da rake a bakin titi, ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. A Bagauda kuma akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, inda ake aiki kan ingantattun dashe.

Sarkin lambun Arewa dai mangwaro ne, ko da yake asalinsa baƙo ne daga wajajen Indiya. Yana fure da hunturu, ya nuna da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara sauka, zafi ya tsananta. Akwai mai zare, wanda yara ke tsotsa har ya ɓata musu riga, akwai binta suga, akwai fafaranda. Mai lambun da ya san aikinsa ba ya dogara da ƙwallo, don bishiyar ƙwallo takan kai shekara 6 ko fiye kafin ta haihu, kuma ba lalle ta gado zaƙin uwarta ba. Aure yake yi mata. Zai yanko reshen iri mai kyau, ya tsaga ƙaramin dashe, ya haɗa su ya ɗaure da leda har su kama. Cikin shekara 3 zuwa 4 sai a fara ci.

Babban abokin gabarsa wani ɗan ƙuda ne ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru kuma ya mamaye yammacin nahiyar. Macen takan huda bawo ta saka ƙwai, sai mai saye ya yanka mangwaro lafiyayye a ido ya tarar da tsutsa. Tsutsar tana fita ne daga 'ya'yan da suka faɗo, ta shige ƙasa, ta fito ƙuda. Don haka mai ziyara ya dubi gindin bishiya kafin ya ɗaga kai sama. Idan an share an kwashe faɗaɗɗun an binne, to mai lambun ba ya wasa.

Shiga lambu yana da ladabi. Ba a tsallaka shinge, ba a jifa, ba a kai hannu sai an yi izini. Sallama ake yi, a ce, “Sannu da aiki, Baba,” shi kuma ya amsa, “Yauwa, sannu yaro, ƙaraso.” Da wuya a fara maganar kuɗi bai tsinko ya miƙa a ɗanɗana ba. Wanda ya sha mangwaron da ya nuna a kan uwarsa, da hantsi kafin rana ta dafa shi, zai gane cewa da yawan abin da yake saye a birni an katse masa hanzari ne. Iyaye kuma su lura da yara, ruwan da ke tsatsowa daga hancin sabon tsinka yana ƙona leɓe.

Kasuwar manoma kuwa, wadda a Turai da Amurka ake yi wa talla kamar sabon abu, ƙasar Hausa ta gaje ta kaka da kakanni. Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. A gefen irin waɗannan kasuwanni, nesa da hayaniyar kara, ake samun dattijo da kwandon gwaibar gidansa, ko tsohuwa da ƙwaryar magarya da aduwa da kanya. Ɗinya da tsada da taura da goruba, waɗanda ba wanda ya dasa su, ba kuma motar da ke kawo su daga kudu, a nan suke fitowa kowanne a lokacinsa. Ba sikeli, kashi ne ko gwangwani. “Nawa kashin, Inna?” Ta faɗa, a taya, ta ce albarka, a ƙara, ta sallama, sannan ta ɗora gyara. Kuɗin kuma hannunta ya shiga kai tsaye. Abin damuwar shi ne itatuwan da ke ba da waɗannan 'ya'ya suna ƙarewa a hannun masu gawayi da masu faɗaɗa gona, kuma ba kasafai ake dasa madadinsu ba.

Idan aka koma lambuna, a tsaunin Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, sanyi ya ba manoman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom damar noman sitiroberi da hunturu. Ɗan itace ne marar haƙuri, kwana kaɗan yake yi, shi ya sa ya fi araha a bakin gona nesa ba kusa ba.

A Dutse ta Jigawa kuma dabino ne, inda cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, ke da reshen bincike a kansa. Dabino yana da namiji da mace, kuma mai son amfani mai yawa ba ya barin aikin ga iska. Sai ya hau ya yanko furen namijin, ya sake hawa ya sanya shi cikin na macen, bishiya bayan bishiya. Duk da haka, yawancin dabinon da ake buɗa baki da shi a Najeriya ta arewa yake shigowa, daga Nijar da Aljeriya da ƙasashen Larabawa.

Can arewar ma akwai lambun da ya fi kowanne ban mamaki. Timiya wani gari ne a Nijar, a tsakiyar duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 arewa da Agadas. Bayan doguwar tafiya cikin baƙin dutse da yashi, sai ga kore kwatsam a bakin ƙorama. Buzayen wurin suna da garake na lemo da garehul da rumman da inabi, a ƙarƙashin inuwar dabino. A al'ada raƙumi ko sa ne ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ƙananan magudanai zuwa gindin kowace bishiya, ko da yake yanzu injinan ban ruwa sun shigo. Daren hunturu a Abzin yana da sanyi sosai, don haka lemon Timiya yakan yi launin da na Gboko ba ya yi.

Matsalarsu hanya ce, mai duwatsu da ramuka, wadda ke jijjiga kaya kafin su kai Agadas. Duk da haka manoman yankin ba su zauna jiran masu sari ba. Sun haɗa kai cikin ƙungiyoyi, suna loda lemo da dankalin turawa da albasa da tafarnuwa, su yi tafiyar fiye da kilomita 900 daga Agadas zuwa Yamai, inda ake shirya musu baje kolin kayan garka da lokacin sanyi. A can manomi ne da kansa, da rawaninsa, ke tsaye a bayan kayansa, shi ke faɗin farashi, shi ke karɓar kuɗi, mutanen Yamai kuma suna zuwa da buhunansu.