Neman Tanko da Darasin Indiya

A Tambuwal ko Kebbe, idan aka ce da yaro Tanko, kowa ya san yayyensa mata ne. Sunan yana ɗauke da labarin jiran da aka sha. Irin wannan jira ne ya jefa Indiya cikin matsala.

A yawancin gidajen mabiya addinin Hindu, iyayen amarya ke biyan dukiyar aure, ɗa namiji kuma shi ke riƙe gida, shi ke cinna wutar ƙona gawar mahaifinsa. Da ma'aurata suka koma son 'ya'ya biyu ko uku, ga kuma na'urar hoton ciki ta yaɗu tun wajejen 1980, sai wasu suka riƙa zubar da cikin 'ya mace. Gwamnati ta haramta bayyana jinsin ɗan tayi a 1994, amma ƙidayar 2011 ta sami yara mata 919 a kan kowane maza 1,000 'yan ƙasa da shekara bakwai, alhali a 1991 sun kai 945.

Abin ya taɓa tazarar haihuwa ta fuska biyu. Matar da aka zubar wa ciki, sai a ga haihuwarta ta yi nisa, a ɗauka hutu take, alhali ciki ya shiga ya fita. Wadda ba ta da hali kuwa, sai ta yaye ɗiyar da wuri ta sake gwadawa.

Ta biyun nan ce ta yi kama da tamu. Zubar da ciki don jinsi ba al'adarmu ba ce, Suratut Takwir ma ta yi tir da binne 'ya mace da rai. Amma mun san matar da ta jera mata huɗu, uwar miji na habaici, ana maganar kishiya, goyo na wata takwas a baya ga wani ciki. Kwanika ke nan: nono ya ragu, yarinya ta rame, uwa jini ya yi ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, kusan daidai da shekara biyun shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata. Likitoci kuma sun tabbatar daga maniyyin uba jinsi ke fitowa. To Malam, laifin me uwar 'yan mata ta yi? A bar ta ta yaye ɗiyarta lafiya. Idan Tanko na tafe, zai tarar da uwa mai ƙarfin goya shi.