Agogon zamani zai nuna jini ya hau, amma gwajin jini ne zai faɗi dalili

Daga shagunan waya na Jega zuwa ɗakunan ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya ya zama abin yayi. Masu araha da dama har lambar hawan jini suke nunawa, amma ba abin dogaro ba ce. Ko Galaxy Watch na Samsung sai an daidaita shi da na'urar awo ta damtse duk kwana 28. Apple Watch kuwa gargaɗi kawai yake yi, ba ya ba da lamba.

Idan na'urar damtse ta yi ta nuna 140/90 ko fiye, sai a nemi dalili, musamman ga matashi. Wani lokaci matsalar tana saman ƙoda, inda wasu ƙananan halittu biyu da ake kira adirenal suke fitar da sinadarin aldosteron. Idan ya yi yawa, jiki sai ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da fotasiyam, jini ya hau. Likitan Amurka Jerome Conn ne ya bayyana wannan cuta a 1955, kuma ana ƙiyasta tana cikin kashi 5 zuwa 10 na masu hawan jini.

Babu agogo ko manhajar da ke gano ta. Jini ake ɗiba da safe, a auna aldosteron da wani sinadarin ƙoda mai suna renin, a kwatanta su. Aldosteron sama, renin ƙasa, shi ne alamar. Waɗanda suka fi buƙatar gwajin su ne wanda jininsa ya ƙi sauka duk da magani kala uku, da mai ƙarancin fotasiyam, da wanda ciwon ya kama da ƙuruciya.

Mutumin Maiyama, Aliero ko Jega zai fara ne da asibitin garinsu, inda likita zai iya tura shi Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Nan ne waya take da rana: ya adana awon jininsa na kullum da hotunan kwalayen magungunansa, domin wasu magungunan suna canza sakamakon gwajin. Kada ya daina shan ko ɗaya sai likita ya ce.

Idan aka gano cutar, ana maganinta da ƙwayar spironolactone, ko a yi tiyata idan gefe ɗaya ne ya kamu. Barinta kuwa na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda.