Akwatin Kwamfuta A Ƙasar Ƙura: A Nemi Iska Kafin Ado

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Birnin Gwari cikin watan Janairu ya san wannan ƙara. Kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur take gurnani kamar babur mai hawan tudu da buhu biyu na masara, mai shago kuwa ya saba da ita har ya daina ji. Ranar da ta fara ɗaukewa da kanta ana tsakar cike wa ɗalibi fom, sai a ɗora laifin a kan bairos, ko a ce tsufa ne. A kai ta wurin mai gyara, ya kwance ƙusa biyu ya zare murfin gefe, sai ga ƙura ta danƙare a jikin fanka kamar audugar tsohuwar katifa. Ya hura, ya goge, ya mayar da murfi. Kwamfuta ta dawo hayyacinta, gurnani ya ɗauke. Ashe numfashi ne ya gagare ta tun da farko.

Wannan batu ya dace da lokacin da garin yake ciki. Tun ƙarshen watan Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanun Birnin Gwari bayan shekarun da ta yi a rufe saboda rashin tsaro, harkokin kasuwanci suka fara farfaɗowa, kuma inda ciniki ya motsa, kwamfuta na biye. Akwai masu buga takardu da katin biki, da makarantun da ke horar da yara saboda jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, da matasa masu tace bidiyon biki da masu ɗaukar karatun malamai. Dukkansu nesa suke da kasuwar kayan gyara. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne, kuma wani kayan sai an aika titin Beirut a Kano ko Computer Village da ke Ikeja. Wanda ke wannan nisa bai kamata ya bar zafi ya ƙone masa kaya ba.

Duk da haka, in mutum ya je sayen kwamfutar tebur, tambayarsa ba ta wuce Core i5 ce ko i7, RAM nawa ne, ma'ajiyarta nawa take ɗauka. Akwatin da ya ƙunshi duk waɗannan, wanda jama'a ke kira CPU alhali CPU ɗin wani ɗan guntu ne a cikinsa, ba mai tambayar komai a kansa sai launi da fitilu.

Inda zafin yake fitowa

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Kwamfutar ofis mai cin wat 100 tamkar tsohon ƙwan lantarki ne mai wat 100 a kunne cikin rufaffen akwati. Ta tace bidiyo mai babban katin hoto tana iya kaiwa wat 400 ko fiye. Hanyar fitar wannan zafi ɗaya ce: iska ta shigo, ta ɗauke shi, ta fita. Lissafin ba shi da wuya. In ana so iskar da ke fita ta fi wadda ta shigo zafi da digiri 10 kacal, kowane wat 100 yana bukatar iska kimanin kubik mita 30 ta ratsa akwatin a kowace awa. Mai wat 400 ke nan tana bukatar kubik mita 120.

A nan ne mu da masu gwajin kwamfuta na Turai da Amurka muka rabu. Fanka ba ta sanyaya komai ƙasa da iskar ɗakin da take ciki. Abin da aka ba ta shi take turawa. Mai gwaji a ɗaki mai digiri 22 zai ce furosesa ta tsaya a 75, ya yaba wa akwati. Ka kawo akwatin nan shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da ɗaki ke kaiwa digiri 38, sai 75 ɗin nan ta koma wajen 91. Galibin furosesocin Intel da AMD na yanzu kuwa da sun kusanci digiri 95 zuwa 100 suke rage gudun kansu don kada su ƙone. Shi ya sa kwamfutar da ke sauri da safe take yin nauyi bayan azahar. Ratar da mutumin ƙasar sanyi yake da ita, bazara ta riga ta cinye mana, don haka ba mu da halin ɗaukar akwatin da ke shaƙe iska.

Ƙura da sauran baƙi

Da zafi ne kaɗai, da sai a ce a cire murfin gefe a huta, kamar yadda masu shaguna da yawa ke yi. To amma akwai ƙura. Hazon hunturun da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, har iska na tsallakar da ita teku zuwa Kudancin Amurka, balle ta rasa hanyar shiga akwatin da ke gindin tebur.

Birnin Gwari tana da nata ƙarin. Gari ne a bakin daji, ga gandun Kamuku mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999. Da rani ya kama, ciyawar yankin ta bushe, aka shiga ƙonar daji da ta gonaki, toka ke nan a cikin iska. Da kaka ga ƙaiƙayin casar masara da dawa, ga ƙurar manyan motoci masu lodin hatsi. Da damina kuma ƙurar da ta kwanta a kan babban allon cikin kwamfuta tana shan danshi, ta zama laka mai janyo tsatsa. Sannan ga zanzaro mai neman lungun gini, ga kyankyaso da tsaka masu son ɗumi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin a nan shi ne a yi wa iska ƙofa guda sananniya, a sa mata rariya, sannan a tura iska ciki fiye da wadda ake zuƙewa waje. Misali, fanka biyu a gaba suna shigowa da iska ta cikin raga, ɗaya a baya tana fitarwa. In aka yi haka, iskar da ta yi rara za ta riƙa tsiyayewa waje ta kowace kafa da tsaga, ƙura ba ta samun shiga sai ta bakin rariya. In aka juya lissafin, masu fitarwa suka rinjayi masu shigarwa, to akwatin zai riƙa shaƙar iska ta duk ramin da ya samu, har ta kafar USB, kuma rariyar gaba ta zama ado.

Rariya ma tana da farashinta, domin tana rage ƙarfin iska, kuma in ta toshe ta fi babu muni. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: yaya ake cire ta? Wadda ake zarewa ta gaba ko ake ɓamɓarewa da hannu saboda maganaɗisu ne ya riƙe ta, za a wanke ta. Wadda sai an kwance ƙusa huɗu an juya akwati, za ta shekara ba a taɓa ta ba.

Yadda ake samun shiru

Zamanin da janareta ke ruri a ƙofar kowane shago, ba mai jin kukan fanka. Yanzu da sola da inbata suka yawaita, mai ɗaukar murya da dare yana jin ta sarai a cikin abin da ya naɗa.

Masu ƙera akwati suna da hanya biyu. Ta farko ita ce a rufe gaba da sama, a liƙa soso mai shanye ƙara. Kamfanoni irin su Fractal Design na Suwidin da be quiet! na Jamus sun yi suna da irin wannan. Ta biyu ita ce a bar gaban raga ne zalla, iska ta shiga ba wahala, fanka ta juya a hankali. Waɗannan kamfanoni biyu su ma yanzu suna da akwatuna masu gaban raga. A ɗaki mai na'urar sanyi hanyar farko tana aiki. A wurinmu soson nan bargo ne a watan Afrilu: ciki ya ɗau zafi, fankoki su ƙara gudu, ƙarar da aka so ɓoyewa ta fito ta baya.

Sirrin yana cikin gudun fanka. A ƙa'idar injiniyoyi, in aka rage gudun fanka da rabi, iskarta ta ragu da rabi, amma ƙararta tana faɗuwa da kimanin desibel 15. Kunnen ɗan Adam kuwa raguwar desibel 10 yake ji a matsayin rabin ƙara. Sannan in ka jera fanka biyu iri ɗaya, desibel 3 kawai suke ƙarawa a kan guda. Ma'ana, fanka biyu masu tafiya a rabin gudu suna ba da iskar fanka ɗaya mai cikakken gudu, da ƙarar da ba ta kai rabin tata ba a kunne. Girma ma yana taimakawa: fanka mai milimita 120 ta ninka mai milimita 80 faɗin baki sau biyu da kwata, mai 140 kuma ta ninka ta kusan sau uku. Ko maƙeri ya san babban zuga-zugi a hankali ake taka masa rawa, ƙarami ne ke sa haki.

A nemi fanka mai fil huɗu, wadda ake kira PWM, domin babban allo yana iya rage mata gudu in aiki ya yi sauƙi. Masu arha da ake haɗawa kai tsaye da fawa fak, wato abin da ke raba wa kwamfuta wuta, gudu ɗaya suka sani daga safe har dare. Sauran ƙarar kuma daga girgiza take: akwati mai siririn kwano yana amsa amon tsohon hadis, wato ma'ajiyar kwamfuta, mai juyi 7,200 a minti kamar ganga. Ƙarfe mai kauri, da roba a mazaunin hadis, ko komawa SSD wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, suna kashe wannan.

Abin dubawa a kasuwa

Da farko girma. Tsarin ATX da Intel ya fitar a 1995 allonsa milimita 305 ne a 244. MicroATX na 1997 milimita 244 ne kowane ɓangare. Mini-ITX da kamfanin VIA ya kawo a 2001 milimita 170 ne. Matsakaicin akwati mai ɗaukar ATX yana karɓar ƙananan ma, kuma sararinsa alheri ne ga iska da hannun mai shara. A auna tsawon katin hoto da tsayin ƙarfen da ke shanye zafin furosesa kafin a biya kuɗi.

Sai a ɗaga gaban akwatin a duba shi a haske. In kana hango haske ta cikinsa, iska za ta wuce. In gilashi ne ko roba a shafe, da 'yan siraran tsagogi a gefe, ga fankoki uku masu fitila a manne a bayansa, to kyan ɗan maciji ne. A duba ko akwai mazaunin fanka biyu na milimita 120 ko 140 a gaba, da ɗaya a baya, da wurin ɓoye wayoyi a bayan allo don kada su tare hanya.

A yi hattara da fawa fak ɗin da ke zuwa kyauta cikin akwati mai arha. Mai tambarin 80 Plus, tsarin da aka fara a 2004, yana isar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja, saura kaɗan ne ke zama zafi a cikinsa. Ga mai dogaro da batirin sola wannan riba biyu ce.

Mafi yawan kwamfutocin teburinmu kuwa na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP da aka sauke daga ofisoshin waje. Suna da ƙarko, amma da yawansu allo da fawa fak nasu na musamman ne, ba sa shiga wani akwati cikin sauƙi, kuma galibi ba su da rariya. In za a sayi irinsu, doguwar ta fi 'yar siririyar sararin iska, kuma ana iya sayen ragar maganaɗisu a manna mata a gaba.

Bayan an kawo gida

Akwati mai kyau a mummunan wuri asara ce. Kada a ajiye shi a ƙasa, inda tsintsiya da takalmi ke tayar da ƙura. A ɗora shi a kan tebur ko benci. A bar tazarar taƙi guda tsakanin bayansa da bango, kada a cusa shi cikin durowa, kada a ɗora takardu a kan ramukan samansa. Ƙyallen rufi sai an kashe kwamfuta. Da hunturu a wanke rariya duk mako, a bari ta bushe sosai kafin a mayar. Duk wata biyu ko uku a cire wuta, a fita da akwatin waje a hure shi da bulowa, ana riƙe da fuka-fukin fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Shawarata ga mai shago da shugaban makaranta da matashin da ke tara kuɗin haɗa tasa: kuɗin da za a kashe a gilashi da fitilu, a sa shi a akwati mai gaban raga, da rariyar da ake cirewa da hannu, da manyan fankoki uku masu tafiya a hankali. Ranar da kuka ji kwamfuta ta fara gurnani, ku duba rariya kafin ku nemi motar Kaduna.