Kafin ka sayi waya, tambayi mai gyara

A da, idan batirin waya ya mutu, mai ita kan ɓalle murfin baya da farce, ya cire tsohon ya sa sabo. Yanzu yawancin manyan wayoyi a manne suke da gam. Kafin mai gyara ya kai ga batir, sai ya hura wa bayan wayar iska mai zafi har gam ɗin ya saki, sannan ya riƙa bin gefe da siririyar roba, yana lallaɓawa kada gilashi ya tsage. Kuɗin aikin da haɗarinsa kan sa mutum ya haƙura ya nemi sabuwa, alhali batir kaɗai ya gaji.

Kamfanoni na da hujjarsu: mannewa na sa waya ta yi siriri, kuma ruwa ba ya shiga da sauƙi. Sai dai akwai wata hanyar. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 2013, gunduwa-gunduwa yake ƙera wayarsa: sikirin daban, kyamara daban, bakin caji daban, kowanne ɗaure da ƙananan noti. Da ɗan sukundireba mutum zai sauya abin da ya lalace, ya bar sauran.

Tarayyar Turai ta mayar da batun doka. Tun 20 ga Yuni, 2025, duk sabon samfurin wayar da zai shiga kasuwarta dole a ci gaba da samar da kayan gyaransa har shekara 7 bayan an daina sayar da shi, batirinsa kuma ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 800. Dalilin a fili yake: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 kaɗai an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka sake sarrafawa yadda ya dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

A wajenmu gwanaye ba su yi ƙaranci ba. Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga matasa na farfaɗo da wayoyin da aka fid da rai da su. Abin da ke ɗaure musu hannu shi ne ƙarancin ingantattun kayan gyara da ƙirar da ba ta buɗuwa. Don haka kafin ka biya kuɗin waya, tambaye su: ana samun batirinta da sikirinta, kuma nawa ne? Amsarsu ce za ta nuna maka shekara nawa za ka more kuɗinka.